Sanƙarau da ƙwaƙwalwar ƴaƴanmu: tarihin ciwon da ke zuwa da rani



Tsakanin 1 ga Nuwamba na 2022 da 27 ga Janairu na 2023, wato ƙasa da wata uku, hukumar lafiya ta duniya OMS ta ba da rahoton mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, 18 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. A cikin wannan adadi 342 daga gundumar lafiya ta Dungas suke, 98 daga Matameye, 72 daga Miriya, 38 daga Magariya. Kun ga cikin kowane mutum goma da suka kwanta, shida na Dungas ne. Kuma waɗanda aka kai likita aka rubuta sunansu kaɗai aka ƙirga.

Lissafin ya faɗi waɗanda suka kwanta da waɗanda suka rasu, amma bai faɗi yaron da ya tashi daga jinya kunnensa ya toshe ba, ko yarinyar da ta koma lakwal karatu ya daina zama a kanta, ko saurayin da ya fara faɗuwa yana kumfar baki har aka ce iska ce ta taɓa shi. OMS ta ce cikin mutum biyar da suka tsira daga sanƙarau irin na ƙwayar bakteriya, ɗaya yakan fita da tabon da zai daɗe tare da shi. Don mu gane wannan tabo, sai mun san abin da ke cikin ƙoƙon kanmu, mun kuma san inda ciwon ya faro da yadda aka yi ta fama da shi.

Mu Hausawa komai zuciya muke ɗora wa. Mukan ce mai farar zuciya, mai saurin zuciya, zuciyata ta ba ni. Ba mu kaɗai ba ne, don Aristo, babban masanin Girka, shi ma a zuciya ya ajiye tunani, ƙwaƙwalwa kuwa ya ɗauke ta abin sanyaya jini. Amma tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), almajiran likita Hipokiratis, wanda littattafan Larabci ke kira Abuƙiraɗ, sun rubuta cewa farfaɗiya daga ƙwaƙwalwa take tasowa, kuma tana da dalili kamar kowane ciwo. Likitocin Musulunci suka ɗauki wannan ilimi suka faɗaɗa shi. Ibnu Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, ya yi bayanin kumburin rufin ƙwaƙwalwa a cikin littafinsa Alƙanun. Har yau sunayen da likitocin Turai ke kiran biyu daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa fassara ce daga Larabci: uwa mai kauri da uwa mai taushi.

To ita ƙwaƙwalwar yaya take? A babban mutum nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kimanin miliyar 86. Kowace tana da rassa kamar saiwar itace da dogon zare guda, tana tura saƙo ta hanyar ɗan lantarki mai rauni. In saƙon ya kai ƙarshen zaren sai ta fesa wani sinadari a ɗan tsakanin da ke raba ta da maƙwabciyarta, ita kuma ta karɓa ta tura gaba. Da wannan miƙa-miƙa muke gani, muke ji, muke tuna fuskar kakanninmu, muke haddace izu. Wani likita ɗan Sifaniya, Santiago Ramón y Cajal, shi ya nuna cewa ƙwayoyin a rarrabe suke, kowace da iyakarta, aka ba shi kyautar Nobel a 1906 tare da Camillo Golgi ɗan Italiya.

Kuma aiki a rabe yake. Ƙeya ke kula da gani, gefen kai wajen kunne ke kula da ji, goshi ke riƙe linzamin hali, ƙasan ƙwaƙwalwa inda ta haɗu da laka kuwa shi ke riƙe numfashi da bugun zuciya. An gano haka ne daga marasa lafiya. A 1848 a Amurka, wani ma'aikacin hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage, sandar ƙarfe ta huda masa kunci ta fita ta saman kai. Ya rayu, yana tafiya yana magana, amma likitansa ya rubuta cewa halinsa ya sauya har abokansa suka ce ba shi ba ne. A 1861 a Paris, likita Paul Broca ya duba wani mutum da ke gane duk abin da aka faɗa masa amma ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya. Da mutumin ya rasu aka buɗe kansa, sai aka tarar wani ɗan wuri a gefen hagu na gaban ƙwaƙwalwa ya lalace. Daga nan aka tabbatar cewa magana da hali suna da mazauni a jiki, kuma ciwo yana iya taɓa mazaunin.

Allah ya kewaye wannan halitta da kariya. Akwai ƙoƙon kai. Ƙarƙashinsa akwai tantani hawa uku da suka lulluɓe ƙwaƙwalwa suka gangara suka rufe laka har gadon baya. Tsakanin tantanin akwai ruwa garai-garai, kimanin mililita 150 a babban mutum, wanda ƙwaƙwalwa ke shawagi a ciki, kuma jiki yakan sabunta shi sau uku zuwa huɗu a yini. Sannan jijiyoyin jinin da ke cikin kai suna da shinge matsattse da ke hana yawancin dauɗa da ƙwayoyin cuta tsallakawa. Sanƙarau shi ne lokacin da ƙwaya ta keta wannan shinge ta faɗa cikin ruwan.

Ƙwayar da ke kawo annoba a ƙasarmu a maƙogwaron mutum take zama, ba ta zama a jikin dabba. A lokacin lafiya ma, cikin mutum goma ana iya samun ɗaya da ke ɗauke da ita bai sani ba, yana yaɗa ta da tari da atishawa da kwana ɗaki ɗaya. Da rani ya shigo, iskar hunturu da ƙura suna busar da hanci da maƙogwaro, su tsattsaga fatar ciki, ƙwayar ta sami ƙofa zuwa jini. Sanyi kuma yakan tara mu ɗaki ɗaya, ƙofa da taga a rufe. In ta kai ruwan ƙwaƙwalwa, inda dakarun jiki ba su da yawa, sai ta hayayyafa da sauri. Jiki ya aiko da fararen ƙwayoyin jini, ruwan da ke garai ya koma gurɓatacce, tantani ya kumbura.

Daga nan duk alamun da muka sani suke fitowa. Tsokar ƙwaƙwalwa ita kanta ba ta jin zafi, tantanin ne ke ji, shi ya sa ciwon kan yake kamar ana sara. In an sunkuyar da kai tantanin da ya kumbura yakan miƙe, sai naman wuya ya ƙi, ya sanƙare, inda ciwon ya samo sunansa ke nan. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa, don haka kumburi yakan matse ƙwaƙwalwa, sai amai, sai ruɗewa, sai suma. Jariri kuwa da ƙashin kansa bai haɗe ba, maɗigarsa ce ke tasowa, ya ƙi nono, ya yi ta kuka, wani lokaci wuyansa ma ba ya sanƙarewa. In kumburin ya harzuƙa ƙwayoyin jijiya suka saki lantarkinsu gaba ɗaya, shi ne jijjiga. In ya kai ga jijiyoyin da ke riƙe numfashi, mutum yana iya cikawa cikin awa 24.

Yanzu ga tarihin. Wanda ya fara bayyana annobar dalla-dalla wani likita ne mai suna Vieusseux a birnin Janeba a 1805. A 1887 Anton Weichselbaum ya ga ƙwayar da madubin likita a birnin Biyana. A 1891 wani Bajamushe, Heinrich Quincke, ya fito da hanyar sa allura a ƙasan baya a ɗebi ɗan ruwan don a duba. Ita ce ɗibar ruwan bayan da wasunmu ke gudu har yau. Allurar a ƙasa da inda laka ta ƙare ake sa ta, kuma ɗan abin da aka ɗiba jiki yakan mayar da shi a ranar. Da wannan ruwa ne ake sanin irin ƙwayar, a cibiyar bincike ta CERMES da ke Yamai, kuma da sanin irinta ake zaɓar rigakafin da za a kawo.

A ƙasar Hausa, babbar annobar farko da aka rubuta ta faru a 1905 a arewacin Najeriya, shekara shida bayan Faransawa sun kama Damagaram, ta kuma yi yamma cikin shekarun da suka biyo. Ta dawo a shekarun 1920, ta dawo a ƙarshen shekarun 1930, ta sake dawowa wajen 1950. A farkon zamanin nan babu maganin da ke kashe ƙwayar, mafi yawan waɗanda ta kama ba sa tashi. Sai a ƙarshen shekarun 1930 magungunan salfa suka fara rage mace-mace, daga baya aka sami fenisilin. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya tattara bayanan shekaru ya zana taswirar yankin da annobar ke zagayawa, ya kira shi ɗamarar sanƙarau. Yau ana lissafa ƙasashe 26 a cikinta, daga Senegal zuwa Habasha. Magariya da Dungas a tsakiyarta suke, haka Daura da Babura da Maigatari. Ya kuma tabbatar da abin da kakanninmu suka riga suka lura da shi: ciwon da rani yake tashi, da ruwan farko ya sauka sai ya lafa. A shekarun 1970 likita Brian Greenwood da abokan aikinsa a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka yi dogon bincike kan ciwon da kuma rigakafinsa.

Rigakafin farko, wanda ya fito a shekarun 1970, yana da rauni. Ba ya kare ƙananan yara sosai, ƙarfinsa bai wuce kamar shekara uku ba, kuma ba ya kawar da ƙwayar daga maƙogwaro. Don haka sai annoba ta tashi ake rugawa a yi shi, kamar haƙa rijiya bayan gobara ta kama.

Shekarun 1995 da 1996 manyanmu ba su manta da su ba. A 1995 sanƙarau ya kwantar da dubun-dubatar mutane a Nijar. Cikin wannan hali aka gano cewa wani kaso na rigakafin da ya shigo cikin kayan taimako jabu ne, da tambarin manyan kamfanoni a jikinsa amma babu magani a ciki, bayan an riga an yi wa sama da mutum dubu 50 allura da shi. A 1996 zuwa 1997 annobar ta mamaye ɗamarar gaba ɗaya: sama da mutum dubu 250 suka kamu, kimanin dubu 25 suka rasu. A Najeriya kaɗai waɗanda suka kamu sun haura dubu 100. A wannan shekara ta 1996 ne kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

Mun kawo waɗannan biyun ne don in mun ji dattijo yana ɗari-ɗari da allura, mu san tsoronsa yana da asali. Sai dai labarin bai tsaya a 1996 ba. A 1997 aka kafa rumbun rigakafi na duniya don ɗaukin gaggawa. A 2001 OMS da ƙungiyar PATH suka fara aikin samar da rigakafin da aka ƙera musamman don Afirka, kamfanin Serum Institute na Indiya ya yarda ya yi shi a kan ƙasa da rabin dalar Amurka kowace allura. Sunansa MenAfriVac. A watan Disamba na 2010 aka ƙaddamar da shi a Burkina Faso, Mali da Nijar, ana yi wa duk mai shekara 1 zuwa 29. Shi wannan yana daɗewa a jiki, yana kama yara, yana kuma share ƙwayar daga maƙogwaro, don haka har wanda bai samu ba yana cin albarkacin wanda ya samu. Ƙwayar rukunin A, wadda ita ce ke kawo mafi yawan manyan annobobin baya, ta ja da baya har ta kai tun 2017 ba a sake tabbatar da ita a ɗamarar ba.

To me ya sa ciwon ya dawo Dungas? Saboda ƙwayar dangi-dangi ce, ana bambanta su da rigar da ke jikinsu, kuma rigakafin rukuni ɗaya ba ya kare mutum daga wani. Rukunin W ya yi ɓarna a Burkina Faso a 2002, rukunin X ya tashi a Nijar a 2006. Wajen 2013 wani sabon nau'i na rukunin C ya ɓulla a yankin Sakkwato da Kabi. A 2015 ya shigo Nijar, ya kama kimanin mutum 8,500, sama da 570 suka rasu, har aka rufe makarantun Yamai a watan Afrilu. A 2017 ya kama sama da mutum dubu 14 a Najeriya, Zamfara ta fi kowa jin jiki. Shi ne dai ya iso mana a 2022, kuma a lokaci guda yana ta'adi a Jigawa. Wanda ya san yadda ake zirga-zirga ta Tinkim, da cikar kasuwar Maigatari, da auratayya da almajiranci tsakanin ɓangarorin biyu, ba zai yi mamaki ba.

A watan Yuli na 2023 OMS ta amince da sabon rigakafi mai kare rukuni biyar a allura ɗaya: A, C, W, X da Y. Najeriya ce ta fara amfani da shi a watan Maris na 2024, Nijar ta bi baya a cikin shekarar. Wajen magani ma ƙasarmu ta ba duniya darasi. Wani bincike da aka yi a Nijar a 2003 ya nuna cewa allurar seftiriyazon tana aiki daidai da tsohuwar allurar nan mai maiƙo da aka saba yi lokacin annoba. A 2017 a Madarunfa, jihar Maradi, aka ga cewa in ma'aikatan lafiya suka raba wa duk mutanen ƙauye ƙwayar magani ɗaya bayan an sami mai ciwo na farko, yawan masu kamuwa yana raguwa da kusan kashi 60 cikin 100. Wannan aikin ma'aikata ne, da awo da tsari. Kada wani ya ji haka ya je teburin mai magani a kasuwa. Ko a 2015 sai da OMS ta yi gargaɗi kan rigakafin sanƙarau na jabu da ke yawo a Nijar. Allurar da za mu amince da ita, ita ce wadda aka yi a likita ko a wurin gangamin da hukumar lafiya ta shirya.

Saura waɗanda suka tsira. Can cikin kunne akwai wata ƴar gaɓa mai siffar dodon koɗi, cike da ruwa da ƙananan gasu masu mayar da sauti saƙon lantarki. Kumburin sanƙarau yana iya shiga wurin ya kashe su, kuma in sun mutu ba sa sake tsirowa. Yaron da aka kira bai waiwayo ba bayan ya yi wannan ciwo, kafin a ce taurin kai ne a ɗauko bulala, a tsaya bayansa a tafa a gani. Wanda ciwon ya bar wa tabo a ɓawon ƙwaƙwalwa, tabon yana iya zama wurin da lantarki ke ɓallewa, shi ne farfaɗiya. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa mai ita. In ya faɗi a janye shi daga wuta da ruwa, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko tsumma a baki. OMS ta ce kusan bakwai cikin goma na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace suna sha a kan kari. Wanda kuma gaban ƙwaƙwalwarsa ya taɓu, yakan zama mai saurin fushi, mai mantuwa, ba ya zama wuri ɗaya. Malaman allo da na lakwal, irin wannan yaro a zaunar da shi gaba, a riƙa kallonsa in ana magana, a ba shi karatu kaɗan-kaɗan. Ƙwaƙwalwar yaro tana iya buɗe sababbin hanyoyi ta kewaye inda ya lalace, amma sai da maimaici da haƙuri. Duka ba ya ƙara mata komai sai tsoro.

Iyaye mata, ku ne ke fara ganin sauyi a jikin yaro. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai, wuya ya ƙi sunkuya, ido ba ya son haske, yaro ya ruɗe ko maɗiga ta taso: wannan ba ya jiran gari ya waye. Iyaye maza, kuɗin kabu-kabu da izinin fita a hannunku suke, kada a ce sai maigida ya dawo daga kasuwa. A yi addu'a, a yi tofi, amma a yi su a kan hanyar likita, don kowace awa da ta wuce kumburin ƙaruwa yake. In gangamin rigakafi ya zo, a fito da yara har da ƴan makarantar allo da ke hannun malamai, ko da an yi musu a baya, tunda mun ga rukunin ba ɗaya ba ne.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa na kusa da shi, ko ya ɗauki murya ya tura wa dangi a ƙauye. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba masu jinya lafiya, ya kai mu damina lafiya.